Manhajar koyon gano jimlar jigo, bayan sati 3 muna amfani da ita

Yarona ne yake shan wahala a darasin fahimtar karatu, in aka ba shi sakin layi aka ce ya nuna jimlar da ta ɗauko jigon maganar sai ya tsaya yana ta kallon takarda, abin ya dame ni sosai wallahi, shi ne na sauke masa wata manhaja a waya muka riƙa zama tare da daddare muna yi.

Yadda take aiki ba wuya, za ta kawo sakin layi ka taɓa jimlar da kake ganin ita ce uwar sauran, in ka dace ta koma kore. Abin da ya fi burge ni shi ne akwai wurin da za ka danna ka ɓoye jimla ɗaya ka sake karantawa babu ita. In ka ɓoye jimlar da misali kawai ta kawo, maganar tana nan daram, amma kana ɓoye jimlar jigo sai sauran su watse kamar tsintsiyar da aka kwance wa ɗauri. A nan ne yaron ya gane abin, da kansa ya ce min "Baba ai sauran duk ita suke wa bayani".

Matsalarta ɗaya kuma babba ce, kusan duk atisayen matakin farko amsar jimlar farko ce, har ya fara dannawa bai karanta ba. Na gwada shi da nawa a takarda, na rubuta "Mutane da yawa sun ɗauka ruwa raƙumi yake ajiyewa a tozonsa. Amma kitse ne a ciki, shi jikinsa yake ci in abinci ya yanke" sannan na ƙara bayani a kan kitsen. Nan take ya zaɓi ta farko, alhali ta biyun ce, ita ta farko share fage kawai ta yi, kalmar amma ce ta juya akalar zancen. Sai can gaba manhajar ta fara kawo masu jigo a tsakiya ko a ƙarshe, su ma 'yan kaɗan, sakin layin da ba a fito da jigon ƙarara ba kuwa ban ga ko ɗaya ba.

Talla ma tana katse mutum ana tsakiyar karatu. Ni dai tauraro 3 cikin 5 na ba ta, kuma yanzu duk jimlar da ya taɓa sai na sa ya faɗa min dalili da bakinsa kafin mu wuce ta gaba.