Dragon Quest, gem ɗin da ba ya gaggawa

Jama'a duk mai son gem ɗin da ake zama a yi lissafi kafin a kai duka, ya nemi Dragon Quest. Abokaina 'yan ƙwallo ne da harbe-harbe, in suka gan ni ina bugawa sai su ce "wai kai wane irin faɗa ne wannan, ka doki mutum ka tsaya ya rama?" To ai nan daɗin yake, kai za ka zaɓa, ka sari dodon ne ko ka fara warkar da ɗan uwanka da jininsa ya kusa ƙarewa, kuma in ka yi ganganci aka kashe ku gaba ɗaya rabin kuɗinka ya tafi.

Tun 1986 Yuji Horii ya fito da shi a Japan, kuma har yau bai watsar da wannan salon ba, abin da ya sa nake ganin girmansa ke nan. Zanen kuwa na Akira Toriyama ne mai Dragon Ball, wanda ya mutu a 2024, shi ya sa dodannin ma in ka kalle su dariya suke maka. Amma wallahi ba mai ɗaga min hankali kamar Metal Slime, ɗan ƙaramin abu mai ƙyalli, ka san in ka kashe shi lebul ɗinka zai haura sosai, sai ka yi ta sara kana kuskurewa, zuciya na dukan uku-uku, kafin ka ankara ya arce ya bar ka da baki buɗe!

Na biyar a jerin Dragon Quest, wanda ya fito 1992, shi ya fi shiga raina. Ka fara kana yaro kana bin babanka Pankraz, ka girma, ka yi aure, ka haihu, 'ya'yanka su shigo yaƙin tare da kai, har dodanni kake lallasowa su zama naka. Akwai shi a waya, ko ba wuta in dai da caji ka ci gaba.

Matsalar Dragon Quest ɗaya, farkonsa na jan ƙafa, musamman na bakwai. Sabon shiga ya fara da XI S, wato na sha ɗaya da aka inganta, kiɗan Koichi Sugiyama, makaɗin gem ɗin, ya fi fita a can, in ya kama ka sai ka koma na biyar ɗin.