Paddington ko gefen Heathrow? Alhaji, kama na Paddington

Alhaji, tsakanin otal biyun da ka turo, ƙaramin nan na Paddington da babban na gefen filin jirgin Heathrow wanda ya fi shi sauƙi da fam 30 a dare, kama na Paddington. Na kwana a unguwannin biyu da kuɗin aljihuna, kuma tunda ka ce mako guda za ku yi a Landan kai da Hajiya, ba na ko tantama.

A 2023 na kai mahaifiyata ganin likitan ido. Kwana tara muka yi a wani ɗan otal da ke Norfolk Square, tafiyar minti uku ko huɗu a ƙafa daga tashar Paddington. Da asuba jirginmu ya sauka, ta Addis Ababa muka biyo, ga gajiya ga sanyi, ga tsohuwa ba ta gani sosai. Ƙa'idar otal ɗin sai da rana ake ba da ɗaki. Matar da ke karɓar baƙi ta dubi yadda nake riƙe da hannun mahaifiyata muna hawa 'yan matakalan ƙofa, ta ce mu zauna. Ta kawo mata shayi, ta duba kwamfutarta, ta canza mana ɗakin da aka rubuta mana a hawa na uku ta ba mu na ƙasa kusa da ƙofa, ba ta ƙara mana ko kwabo ba. Kafin ƙarfe goma mahaifiyata ta yi sallah ta kwanta. Maganin ɗiga ido da aka ce a ajiye a wuri mai sanyi, a firjinsu na kicin suka riƙa ajiye mana, in lokacin ɗigawa ya yi su miƙo mini. Akwai ɗan lambu mai bishiyoyi da kujeru a tsakiyar layin. Duk hantsi in rana ta leƙo sai in fito da ita ta zauna da carbinta. Har yau in aka yi zancen Ingila, lambun nan take fara ambata, kafin asibitin ma.

Ɗakin kansa ba wani abin a zo a gani ba ne, gara ka sani tun yanzu. Gidajen Norfolk Square da Sussex Gardens tsofaffin gidajen zama ne na zamanin Sarauniya Victoria, aka yayyanka su aka mayar otal. In ka buɗe babban akwati a ƙasa sai ka riƙa tsallake shi. Banɗakin mutum ɗaya yake ɗauka, shi ma a tsaye. Amma a tsabtace yake, ruwan zafi bai taɓa yankewa ba, akwai butar lantarki ta dafa shayi, kuma soket ɗinsu mai baki uku ne irin namu na Najeriya, cajarka za ta shiga ba sai ka sayi komai ba.

Abin da kake biya a Paddington ba ɗaki ba ne, ƙofar gida ce. Jirgin layin Elizabeth, wanda aka buɗe a 2022, yana ɗauko ka daga cikin Heathrow ya sauke ka a Paddington cikin kamar rabin awa, babu canji, kuma akwai lif daga dandalin jirgi har bakin titi, abin da ba kowace tsohuwar tasha ke da shi ba. Akwai Heathrow Express mai minti 15, amma kuɗinsa ya fi yawa sosai, kwata ɗin awar da za ka rage bai kai ba. A tashar nan ɗaya jiragen ƙarƙashin ƙasa na layin Bakerloo da Circle da District da Hammersmith & City duk suna tsayawa. In wata matsalar fasfo ta taso, Bakerloo zai kai ka Charing Cross kai tsaye, ofishin jakadancin Najeriya yana nan Northumberland Avenue, dab da Trafalgar Square. In Hajiya na son leshi da atamfa, layin Elizabeth zai kai ku Liverpool Street cikin minti goma da 'yan kai, shagunan yadin da matanmu suka saba da su suna nan wajen Petticoat Lane. Tasha ɗaya gaba kuma Whitechapel ce, inda babban masallacin gabashin Landan yake.

Sai maganar ciki, wadda ita ce ke cinye kuɗin baƙo ba tare da ya ankara ba. Daga otal ɗin, minti goma a ƙafa kana Edgware Road, titin Larabawa. Gidajen abincin Labanawa da sauran Larabawa a jere, gasasshiyar kaza, shinkafa da naman rago, shawarma, gurasa mai zafi, yawancinsu halal, wasu kuma ba sa rufewa sai dare ya raba. Na tsadar suna nan, amma ƙananan da ke ƙunshe maka ka tafi da shi ɗaki sun fi yawa, kuma kwano ɗaya na shinkafarsu ya ishe ni da mahaifiyata. Gaba kaɗan akwai kasuwar Church Street, inda nake sayo 'ya'yan itace da dabino. Ka miƙe Edgware Road har ƙarshenta ta kudu, ka fito Marble Arch, Oxford Street ta fara ke nan, ga kantin Primark a kusa ga na Selfridges a gaba. Hyde Park kuma tana bayanku. Ranar Juma'a na taka zuwa babban masallacin Regent's Park mai ƙubba ruwan zinare, bai kai ni rabin awa ba, a harabar ma na ji wasu na Hausa muka tsaya muka gaisa kamar mun san juna tun gida. A kwana taran nan akwai ranaku uku cur da ban taɓa katin jirgi ba, ƙafa ta wadatar.

Na gefen Heathrow kuwa, gaskiya ɗakin ya fi faɗi, akwai lif, gadon ma babba ne. Iyakar alherinsa ke nan. Na kwana huɗu a irinsa a 2019 don ganin arha, na gane arha ba ta ado. Yawancin manyan otal ɗin can a kan Bath Road suke, ba a bakin tashar jirgin ƙasa ba, sai ka jira bas ya kai ka tasha, sannan ka zauna a layin Piccadilly kusan awa guda kafin ka shigo gari. Heathrow tana shiyya ta shida a tsarin kuɗin jirginsu, Paddington tana ta ɗaya. Akwai iyakar abin da za a cire maka a kati a rana komai yawan hawanka, to iyakar mai zirga-zirga daga shiyya ta shida ta kusa ninka ta mai yawo a ta ɗaya da ta biyu. Ku biyu ne, ka lissafa sau bakwai, ka ga abin da ya saura daga fam talatin ɗin. In kuma kun yi sayayya da rana, ba halin ku koma ku ajiye kaya, Hajiya ta yi alwala ta huta, ku sake fita. Da ledoji za ku wuni. Wurin ya dace da wanda jirginsa zai tashi da sassafe, ya kwana ɗaya ya wuce.

To amma kada ka ce na ce Paddington ka danna duk wanda ya fito. A layi ɗaya za ka samu mai kyau, maƙwabcinsa kuma ko kyauta ba ka so. Kafin ka biya, rubuta musu ka tambayi abu uku. Na farko, akwai lif? Da yawa babu, matakalarsu kuma siririya ce mai tsayi, jan akwati mai kilo 23 zuwa hawa na huɗu ba wasa ba ne. Na biyu, ɗakin a wane hawa yake, kuma yana da taga? In ka ga an rubuta "lower ground", ɗakin ƙarƙashin ƙasa ne, tagarsa ƙafafun masu wucewa take kallo, wani lokaci ga warin danshi. Na uku, banɗaki a cikin ɗaki yake ko na tarayya ne a baranda? Mafi arhar ɗakunan unguwar sau da yawa na tarayya ne, kuma a ƙananan haruffa ake rubuta hakan. Da bazararsu, wato Yuni zuwa Agusta, ka ƙara tambayar fanka, don tsofaffin gidajen nan an gina su ne don riƙe zafi, esi kuma ba kasafai ba. Sharhin waɗanda suka kwana, ka fara da na watanni uku na baya-bayan nan, ka karanta masu ƙorafi kafin masu yabo, ka kalli hotunan da baƙi suka ɗauka da wayarsu ba na mai otal ba. In mutum biyu ko uku sun ambaci kuɗin cizo, wuce kawai.

Ku sa buta a akwati, ba za ku same ta a banɗakinsu ba. Kada kuma ka ƙara kuɗi don karin kumallo sai ka san mene ne. Cikakken karin kumallon Ingilishi da naman alade yake zuwa, ɗaya nau'in kuma burodi ne da man shanu da shayi, wanda za ka haɗa da kanka a ɗaki da kayan kanti.

Farashi yana hawa yana sauka kamar na tumatir. Lokacin gasar tenis ta Wimbledon a ƙarshen Yuni da farkon Yuli gari na cika. Ƙarshen Agusta kuma ana bikin Notting Hill, maƙwabtan Paddington ne, ɗakuna na tsada ga hayaniya. Disamba ma haka. Janairu da Fabrairu sun fi sauƙi in za ku iya da sanyi da gajeruwar rana, don a tsakiyar hunturu magariba na yi wajen ƙarfe huɗu. Ka kama ɗakin da ake iya sokewa ba tare da asara ba ko da ya ɗara da 'yan fam, ka riƙa leƙawa, in farashi ya faɗo ka soke ka sake kamawa. In injin kati ya tambaye ka da wane kuɗi za ka biya, zaɓi fam, canjinsu ba ya yi wa baƙo daɗi. Ka kuma tabbatar da bankinka cewa katin zai yi aiki a waje kafin ku tashi, domin wasu otal na riƙe wani abu a kati a matsayin jingina, bas ɗin Landan kuma tun 2014 ba ya karɓar tsabar kuɗi.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba, kuma shi ya fi damuna. Sunan Landan a jikin otal ba ya nufin yana cikin Landan ɗin da kake nufi. Za ka ga an liƙa sunan a otal ɗin da ke Luton ko Stansted, wurare masu nisan kilomita kusan hamsin. Duba lambar adireshi. Paddington da Bayswater W2 ne. W1, WC1, WC2, SW1 duk tsakiya ne. In ta fara da TW ko UB kana wajen Heathrow, CR kuma Croydon ce, can kudancin gari. Sa lambar a Google Maps, ka ga da idonka minti nawa ne a ƙafa zuwa tasha, gani ya kori ji.

Sai masu damfara. Bayan ka kama ɗaki, ana iya turo maka saƙo ta WhatsApp ko imel, da sunan otal ɗin, da ranar zuwanka daidai, a ce katinka bai shiga ba, ka danna nan ka sake sa lambobi cikin awa 24 ko a soke. Kada ka danna. Nemo lambar wayar otal ɗin daga shafinsu na ainihi ka kira su da bakinka. Wani abokin kasuwancina ya danna, kafin ya sauke wayar an kwashe abin da ke katin. Haka nan masu tallar gidan haya mai kyau a tsakiyar gari da farashin da bai kai na ɗaki ɗaya ba, su ce ka tura rabin kuɗi ta banki su aiko maka da lambar buɗe ƙofa. Ka iso da iyali ka tarar babu gidan, ko akwai shi amma mai shi bai san da zancen ba.

Mafi muni su ne wasu dillalan tafiya na gida da ke cewa za su buga maka takardar kama otal don neman biza, ka ba su 'yan dubbai. Takardar bogi ce ko wadda za su soke washegari. Hukumomin Birtaniya da kansu sun sa takardar kama otal cikin abubuwan da ba sa buƙata daga mai neman bizar ziyara, adireshin inda kake shirin sauka kawai fom ɗin ke tambaya. In kuwa suka kama takardar ƙarya a cikin fayil ɗinka, hukuncin yana iya kai wa haramcin shiga na shekara 10. Dillalin ya ci kuɗinsa ya yi gaba, sunanka ne ya ɓaci. Ka kama da kanka, da wayarka, da katinka, shaidar ta shigo imel ɗinka.

Wanda ka turo ɗin na duba adireshinsa, W2 ne, bayan Praed Street, kusa da asibitin St Mary's. Rubuta musu yau ka nemi ɗakin ƙasa ko hawa na ɗaya mai taga da banɗaki a ciki, ka gaya musu lokacin saukar jirginku don su ajiye muku akwatuna in ɗakin bai kammala ba. In sun amsa da haka, biya. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, a gaida Hajiya.