Kwana tara a gidan haya a Istanbul cikin sanyin Disamba

Mu shida ne: ni, Abban yara, yara uku da Hajiya mahaifiyarsa. A otal sai mun kama ɗaki biyu ko uku, shi ya sa da ya kawo shawarar mu kama gida sukutum ta intanet ban yi musu ba. Muka samu ɗaya a unguwar Fatih, tafiyar kamar minti goma a ƙafa zuwa tashar tram (jirgin ƙasa na cikin gari) ta Sultanahmet, mai ɗaki uku da falo da kicin da injin wanki. Hutun makaranta na ƙarshen Disamba muka tafi.

Bari in fara da abin da ya ƙona min rai. Hotunan da aka ɗora sun nuna labule da kujeru, har da butar shayi, amma ba su nuna matakala ba. Ashe gidan a hawa na huɗu yake, babu lifta, matakalar kuma ƙuntatacciya ce mai murɗawa. Hajiya na fama da ciwon gwiwa. A hawa na biyu ta tsaya riƙe da ƙarfe tana haki, ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, Santambul kuka kawo ni ko Dutsen Dala?" Na ce, "Sannu Hajiya, saura kaɗan," alhali rabi muka yi. Daga ranar ta kafa doka: sau ɗaya take sauka a wuni, wanda ya yi mantuwa a sama shi ya sani.

Sanyin garin ba irin hunturunmu ba ne. Namu busasshe ne, ya fasa leɓe da dunduniya, hantsi na yi ka cire rigar sanyi. Nasu jiƙaƙƙe ne, ga yayyafi wuni guda, ga iska daga teku mai ratsa ƙashi, ko da ma'auni bai sauka ƙasa da digiri 5 ba. Rigunan sanyin da muka zo da su daga gida wasan yara ne. Rana ta biyu sai da muka hau tram zuwa Laleli, inda 'yan kasuwarmu ke sarin kaya. Yawancin shagunan na sari ne, amma da ɗan zagaye muka samu masu sayar da ɗai-ɗai. Takalmin da ruwa ba ya shiga ya fi jaket muhimmanci, musamman ga yara, don duk masallacin da aka shiga sai an cire takalmi, kuma jiƙaƙƙiyar safa ƙara wa mutum sanyi take yi.

Ɗumin gidan daga wata tukunyar gas yake fitowa, suna kiran ta kombi. A bangon kicin take, tana tura ruwan zafi cikin ƙarafan da ke ƙarƙashin tagogi. Dare na uku ta mutu. Muka tara yara a gado ɗaya, muka lulluɓe Hajiya da bargo biyu da sallaya. Na tura wa mai gidan saƙo tun ƙarfe goma na dare, bai zo ba sai bayan la'asar ta washegari. Abin haushin, ba wata lalacewa ba ce: ruwan cikinta ne ya yi ƙasa. Ya durƙusa ya murɗa wani ɗan famfo a ƙasanta, allurar agogon ta hau zuwa 1.5, ya rufe, wuta ta kama. Ko minti biyu bai yi ba. Da ya rubuta wannan a takarda ya manna a bango, da ba mu kwana muna karkarwa ba. Ya dai ba da haƙuri, ya kuma kawo wa yara alewa, ba zan ɓoye masa wannan ba.

Kicin ɗin ne ya fanshi gidan. Abincinsu ba laifi, nama ba ka fargabar halaccinsa, akwai kuma wata miyar ƙananan wake mai zafi da suke kira mercimek wadda na so ƙwarai. Amma bayan kwana biyu na burodi da cuku da zaitun, autanmu ya yi yajin ci. Allah ya sa na zo da kuka da daddawa da yaji da garin tuwo. Daren da na tuƙa tuwo, ruwa na dukan taga, ban ji ƙorafin kowa ba.

Wani abu da ya rikita mu shi ne lokaci. Suna gabanmu da awa biyu, kuma tun 2016 Turkiyya ta daina sauya agogo da sanyi, don haka asuba sai wajen bakwai saura, rana ba ta fitowa sai bayan takwas, kafin shida kuma an yi magariba. Wunin gajere ne, a nan kusancin gidan ya yi mana rana. A ƙafa muke zuwa masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida, da Aya Sofiya da ke fuskantarsa, ginin da aka kammala a 537 a matsayin coci, ya zama masallaci a 1453, daga baya gidan tarihi, aka sake buɗe shi don salla a 2020. Fadar Topkapi ta sarakunan Daular Usmaniyya kuwa sau biyu muka je, don ranar Talata muka fara zuwa muka tarar a rufe, ranar hutunta ke nan. Sashen da aka adana kayan da ake jingina wa Manzon Allah (SAW) da sahabbai, inda makaranci ke zaune yana tilawa ba yankewa, ya isa a sha layi dominsa.

Ranar da Hajiya ba ta ambaci gwiwa ba ita ce ranar da muka kai ta Eyup, inda kabarin Abu Ayyub al-Ansari yake, sahabin da ya sauki Annabi (SAW) a gidansa a Madina. Ta daɗe tsaye cikin yayyafi, sai da ɗanta ya ce, "Hajiya, sanyi fa," sannan ta juyo.

Yara kuwa jirgin ruwa ne nasu. Katin Istanbulkart ɗaya muka saya muna zuba masa kuɗi, shi ke biyan tram da bas da jirgin, a dangwala shi sau adadin mutane. Daga Eminonu zuwa Uskudar ka bar Turai ka shiga Asiya kafin shayin da ka saya a ciki ya huce. Su kuma suna waje suna jefa wa tsuntsayen teku gutsuren simit, burodin nan mai riɗi, ni ina ƙwala musu kira su rufe kunnuwansu saboda sanyi.

Idan za mu koma, gida zan sake kamawa, ba otal ba, amma kafin in biya ko sisi sai na tambayi hawa na nawa ne, akwai lifta, kuma wa zan kira da tsakar dare in kombi ta mutu. Da muka zo ba da maki, Abban yara ya ce tauraro huɗu cikin biyar. Hajiya daga kan kujera ta ce a cire ɗaya saboda benen. Uku na danna.