Akwatin Kaka: A Riƙe Shi a Gida ko a Miƙa wa Gidan Tarihi?

Malam, ka tambaya wace hanya ce ta fi kare tarihin iyalin Yahudawa da suka gaji akwati cike da tsofaffin hotuna da wasiƙu da kayan ibada: su riƙe a gida, ko su miƙa wa gidan tarihi. A ganina kayan akwatin ba jinsi ɗaya ba ne, don haka hukunci ɗaya ba zai game su ba.

Ta fuskar kayan ibada, gida ne ke da rinjaye. Alkukin da uwargida ke kunna kyandirori a kai kowace Juma'a kafin faɗuwar rana domin tarbar Asabar, ranar hutun Yahudawa, da kofin azurfa na addu'ar kidush ta tsarkake ranar Asabar, da mayafin addu'a da suke kira talit, duk amfani da su shi ne adana su, domin duk ranar da aka fito da su sai wani jika ya tambayi na wane ne, labarin mai su kuma ya sake fitowa. Alkukin nan idan ya shiga gidan tarihi lamba za a liƙa masa, kuma mai yiwuwa ya ƙare a ɗakin ajiya, tun da kaɗan daga cikin abin da gidajen tarihi ke riƙe da shi ake bajewa. Ga shi kuma kyautar galibi ba ta dawowa bayan an sa hannu.

Da an zo kan takarda da hoto, sai lamarin ya juye. Danshi da zafi da ƙwari suna cin su a hankali, rabon gado kuma yana warwatsa su tsakanin 'yan'uwan da ke ƙasashe daban-daban. Alhali takardu ne ke ɗauke da hujja: takardar aure, wato ketuba, tana ambaton ango da amarya da iyayensu maza da gari da rana, kuma iyalai da yawa sun rubuta ranakun haihuwa da rasuwa a shafin farko na littafin addu'a. Cibiyar Yad Vashem da ke Birnin Ƙudus, wadda aka kafa a 1953, ta fara gangami a 2011 na karɓar irin waɗannan kaya daga iyalan da kisan kiyashin 'yan Nazi ya shafa, yayin da Cibiyar Leo Baeck ta New York ke tattara na Yahudawa masu jin Jamusanci tun 1955. Babbar ribar taska ita ce hoton gida ɗaya yana haɗuwa da na maƙwabta. Haka Yaffa Eliach ta bi dangi a faɗin duniya tana tara hotunan garinsu Eishishok na Lithuwaniya, inda aka hallaka Yahudawan garin a Satumbar 1941. Kimanin 1,000 daga cikin hotunan suna jere a hasumiya guda a gidan tarihin tunawa da kisan kiyashin 'yan Nazi da ke Washington, wanda aka buɗe a 1993.

Akwai hanya ta uku da ta fi kwanta mini. Ƙungiyar Centropa ta Vienna, daga shekarar 2000, ta zauna da tsofaffi kimanin 1,200 a ƙasashe 15, ta ɗauki kwafin hotunansu a kwamfuta, ta rubuta abin da suka faɗa kan kowane hoto, sannan ta bar musu kayansu. Iyali na iya yin haka da kansu kafin su yanke shawara: a zauna da dattijon gida tun yana da rai, a rubuta suna da gari da shekara da fensir a bayan hoto, ba da biro ba, domin tawada tana ratsawa. Wajen karanta ranakun da ke jikin takardu, a kula da kalandar Ibrananci, inda, alal misali, shekarar 5700 ta faɗa tsakanin 1939 da 1940.

Rubutun ibada da ya lalace kuwa, kamar fatar mezuza, wato rubutun da ake maƙalawa a dogaran ƙofa, mai ɗauke da sunan Ubangiji, ba a jefa shi shara. Majami'a ake kai wa, a ajiye shi a geniza, wato ma'ajiyar tsofaffin rubuce-rubucen ibada, har a binne shi a maƙabarta, don haka a ɗauki hotonsa kafin a miƙa.