Mun kai bargon gado wajen mai tantance shekarun yadi

Wanda ya gaji bargon ƙyallaye irin na Amurkawa, wato wanda ake harhaɗa guntayen yadi a sama, a shimfiɗa auduga a tsakiya, a yi masa shafi a ɗinke da allura, kuma yake son sanin shekarunsa, shawarata ya kai shi wajen masu tantancewa. Namu na dangin maigidana ne. Surukata ce ta damƙa mana shi, muka kai wa wata dattijuwa mai wannan sana'a a jihar Ohio. Kuɗinmu bai tafi a banza ba, ko da yake ina da ƙorafi a kan takardar da ta ba mu.

Labarin da dangi suka tashi da shi shi ne an ɗinka bargon lokacin yaƙin basasar Amurka, tsakanin 1861 da 1865. Matar ta saurari surukata har ta kai aya, ta rubuta, ba ta musa ba. Sannan ta shimfiɗa farin zanen gado a kan tebur, ta baje bargon, ta ce mana ita abin da take nema shi ne ƙyallen da ya fi kowanne sabunta. Bargo ba ya girmar ƙyallen da ya zo ƙarshe a jikinsa. Matan zamanin da sukan tara guntayen yadi a jaka shekara da shekaru, uwa ta bar wa 'yarta, don haka tsohon ƙyalle shi kaɗai ba hujja ba ne.

Abin da ya fi kama hankalina shi ne wasu ganyayyaki masu ruwan ƙasa a kewayen bargon. Ni na ɗauka haka aka yi su. Ta sa yatsa ta ɗan ɗaga bakin ɗinki ɗaya da ya warware, ta miƙo min madubin ƙara girma, sai ga kore shar a ciki inda haske bai taɓa shiga ba. Ta bayyana cewa masu rini na farko sau biyu suke tsoma yadi kafin su samu kore, shuɗi da rawaya, kuma irin wannan idan ya koɗe yakan karkata ya zama shuɗi-shuɗi ko rawaya-rawaya. Bayan William Perkin ya gano rinin sinadari na farko a Ingila a 1856, masana'antu suka yi ta fito da sababbin launuka, kuma koren da ya cika kasuwa a ƙarshen ƙarni na 19 shi ne mai komawa ruwan ƙasa. Ta nuna mana wasu ƙyallaye shuɗi mai duhun toka, da baƙaƙe masu ƙananan zane fari, waɗanda suka yi tashe daga wajen 1880 zuwa 1910. Daga nan na fahimci zancen yaƙin basasa ba zai tsaya ba.

Da ta juya bayan bargon kuwa, sai shekarun suka ƙara matsowa. Shafin yadi ne mai furanni, an haɗa shi gida-gida. A gefen kowane gida akwai layin ƙananan huda a jere, ba zare a ciki. Wannan sawun ɗinkin buhu ne. Daga ƙarshen shekarun 1930 kamfanonin fulawa da abincin kaji a Amurka suka riƙa zuba kayansu a buhunan auduga masu zane, mata su warware zaren, su wanke, su ɗinka riguna da barguna, har buhun takarda ya zo ya ture su. Hukuncinta shi ne an haɗa saman a wajajen 1900, ya kwanta a akwati, wata ta zo daga baya ta kammala shi a wajajen 1940. Surukata ta yi shiru, can ta ce ai kakarta ta yi kiwon kaji.

Na yaba da yadda dattijuwar ba ta zubar da labarin dangi a ƙasa ba. Akwai wani ƙyalle ruwan ƙasa mai duhu, duk inda ɗigon baƙi yake a zanensa ya cinye ya zama rami, audugar ciki tana leƙowa. Ƙarfen da ake sa wa rinin don ya kama shi ke cin zaren a hankali. Ta ce wannan zai iya kaiwa zamanin yaƙin basasar, wataƙila daga rigar wata ne, amma ba za ta rubuta abin da yadin bai tabbatar ba. Haka ta yi da ɓawon irin auduga da muka hango da ta haska tocila ta bayan bargon. Maigida ya taɓa ji cewa wannan alama ce ta bargo ya riga injin gurzar auduga na Eli Whitney na 1793. Ta ce sam, audugar da ba a tsabtace sosai ba an ci gaba da amfani da ita har cikin ƙarni na 20.

Ƙorafina a kan rahoton ne. A baki ta yi mana bayani mai gamsarwa, amma takardar da ta aiko ta fi mayar da hankali kan dala nawa bargon zai yi idan za a yi masa inshora. Hotuna kaɗan ta sa, kuma ba ta yi wa ƙyallayen lamba ba. Jikan da zai karanta nan gaba ba zai san wane kore ake nufi ba, ko ina sawun buhun yake. Mu ba sayarwa za mu yi ba, tarihin muke so, kuma mun faɗa mata tun farko. Duk mai zuwa ya nemi izinin ɗaukar muryarta a waya, ya ɗauki hoton kowane wuri da ta nuna.

Ku kuma tambayi takardar shaidar mai aikin. Ƙungiyar American Quilter's Society da ke Paducah a jihar Kentucky tana ba masu tantancewa shaida. Kada ku wanke bargon kafin ku je. Namu yanzu yana naɗe cikin zanen auduga, ba a leda ba, ba ya taɓa katakon akwati, kuma na ɗinka ɗan farin ƙyalle a kusurwar baya na rubuta shekarun biyu da sunayen matan da surukata take zaton su suka yi aikin.