Gargaɗi ga mazauna Makka da Jidda da baƙin Allah: filas da memorin bogi masu ƙaryar tera biyu

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Mu masu sana'ar gyaran kwamfuta da waya muna jan hankalinku kan wata damfara da ke cin mutanenmu, musamman lokacin aikin Hajji da Umrar azumi. Ana tallan filas da katin memori da ƙananan faifan SSD masu rubutun 1TB ko 2TB (tera ɗaya ko biyu, kowace tera giga dubu ce) a kan riyal talatin ko arba'in, wasu a shimfiɗe bakin titi kusa da masaukan alhazai, wasu a zaurukan WhatsApp da TikTok. Kwalin na da kyau, da tambarin kamfanin da kowa ya sani. Cikinsa kuwa sau da yawa bai wuce giga 8 ko 16 ko 32 ba. Alhaji ya saya ya yi tsaraba, ko ya juye hotunan tafiyarsa duka a ciki ya goge na waya, sai ya isa gida ya tarar da sunayen fayil ba komai a cikinsu.

Abin da ke rufa wa masu wannan ha'inci asiri shi ne mutane sun saba ganin giɓi tsakanin abin da aka rubuta a kwali da abin da kwamfuta ke nunawa, ba su kuma san wane giɓi ne halal ba.

Giɓin halal ɗin daga lissafi yake. Kamfani na ƙirga giga ɗaya a matsayin bayit 1,000,000,000, Windows kuwa na ƙirga ta 1,073,741,824. Saboda haka filas na gaskiya mai giga 32 zai nuna kusan 29.8, mai 64 ya nuna 59.6, mai 128 ya nuna 119, ko ƙasa da haka da ɗan kaɗan don tsarin fayil ma na cin nasa wuri. Faifai mai tera ɗaya giga 931 yake nunawa, mai tera biyu kuma tera 1.81. Ba wanda ya cuce ka a nan. Kwamfutocin Mac tun 2009 suka koma lissafin kamfani, shi ya sa faifai guda zai nuna lamba ɗaya a Mac, wata daban a Windows. Ka riƙe wannan lambar ta 1.81 da kyau: in ka soka abin da aka ce tera biyu ne a Windows ya nuna maka 1.9 ko 2 cif, wannan ba alheri ba ne, alamar an rubuta masa lambar da hannu ce.

Cikin kowane filas akwai abu biyu, guntun da ke riƙe bayanai da ƙaramin guntu mai kula da shiga da fita. Idan ka soka shi, kwamfuta ba ta auna komai. Tambayar wannan ƙaramin guntu take yi, "nawa ne girmanka?", duk abin da ya faɗa shi za ta rubuta maka. Masu jabun kan sake masa manhaja ya riƙa cewa tera biyu. Don haka in mai sayarwa ya soka a wayarsa ya nuna maka lamba a allo, bai nuna maka komai ba sai ƙaryar da aka koya wa filas ɗin. Fomatin ma ba ya tona shi, domin fomatin na gaggawa teburin sunaye kawai yake sharewa.

Mugun abin shi ne yadda yake aiki lafiya lau da farko. Gigogin farko na gaske ne, kuma a nan farkon ne tsarin fayil irin FAT32 da exFAT ke ajiye teburin sunayen fayiloli. Wasu masu sayarwa har karatun Alƙur'ani da wa'azi suke zubawa a wannan sashe, su kunna maka ka ji da kunnenka. Matsala na farawa ranar da ka wuce ainihin girman. Daga nan ɗayan biyu ne: ko filas ɗin ya riƙa karɓar sabon fayil yana zubarwa, ko ya zagayo ya hau kan tsofaffi yana taka su. Kwamfuta ba za ta yi ƙorafi ba, layin kwafi zai cika har ƙarshe. Kamar mai ajiyar kaya ne a tasha, ya rubuta jakarka a littafi ya ba ka tikiti, ya jefar da ita ta tagar baya. Sunan fayil na nan, girmansa na nan daidai, amma ka buɗe bidiyo ya ƙi tashi, hoto ya fito rabi toka-toka, wani lokaci folda ta koma wasu haruffa marasa ma'ana ko kwamfuta ta ce sai an yi fomatin. A nan ne mai kaya zai ce maka bairos ne daga kwamfutarka, ko ya fake da wancan giɓin lissafi. Giɓin lissafi kashi 7 ne cikin ɗari a giga, kusan 9 a tera, kuma bai taɓa lalata fayil ba.

Tun kafin ka ciro kuɗi akwai abin dubawa. Farashi shi ne na farko: SSD na gaskiya mai tera biyu ɗaruruwan riyal ne a ko'ina, ba wata arahar sari da za ta mai da shi arba'in. Sai rubutun jikin kati. Alamar SDHC iyakarta giga 32, daga 64 zuwa tera biyu SDXC ake rubutawa, don haka katin da ya haɗa SDHC da 128GB ya tona kansa. Katin microSD mai tera ɗaya ma sai a 2019 ya fara shiga kasuwa, da tsada sosai. Na jabun SSD kuwa, in aka ɓalle kwanson, abin da ake samu ƙaramin kati ne manne da gam, wani lokaci da guntun ƙarfe a gefe don ya yi nauyi a hannu. Gudunsa ma na faɗa: SSD na ƙwarai ta USB 3 na rubuta mega ɗari huɗu zuwa sama a daƙiƙa, na bogi na jan ƙafa wajen mega goma ko ƙasa.

Tabbaci dai guda ne, a cika shi taf a sake karantawa. A Windows akwai H2testw, ƙaramar manhaja kyauta daga Jamus. Ka kwashe duk abin da ke cikin filas ɗin, ka buɗe manhajar, ka zaɓi harafin filas a "Select target" (ka duba sau biyu kada ka zaɓi faifan kwamfutarka), ka bar shi kan "all available space", ka danna "Write + Verify". Za ta rubuta fayiloli masu giga ɗai-ɗai har wuri ya ƙare, sannan ta bi su tana karantawa. Mai kyau zai ƙare da "Test finished without errors". Na bogi zai nuna adadin da ke "OK" da adadin "DATA LOST", wancan na farko shi ne ainihin abin da ka saya. Sai dai tana cin lokaci. A gudun mega goma, giga 64 na ɗaukar kusan awa biyu kafin a fara karantawa, tera biyun ƙarya kuwa ya haura kwana biyu. Ba sai ka jira ba. Ka zaɓi "only" ka sa 70000 (wato kusan giga 70) a gurbin mega, domin yawancin na bogi sun faɗi kafin nan, amma in ya tsallake wannan bai zama shaidar sauran ba. Mai gaggawa ya nemi ValiDrive, wadda ke taɓa wurare 576 a faɗin filas ɗin ta zana taswira, kore inda akwai ma'aji, ja inda babu. Masu Linux suna da F3: f3write da f3read, ko f3probe mai sauri, wanda zaɓinsa na destructive ke share komai.

Wanda waya kaɗai gare shi ya tura manyan bidiyo har su haura giga 32, in da hali 64. Sai ya zare katin ya mayar, wannan matakin kada a tsallake shi, don waya na iya nuna maka abin da ta riƙe a ƙwaƙwalwarta. Sannan ya buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe, ya ja kowanne har ƙarshensa. Ƙaramin hoton da ke fitowa a gallari ba shaida ba ne. Kada kuma a goge na asali sai an gama wannan.

Akwai ƙanwar wannan damfara a wasu teburan gyara. Mutum ya kawo kwamfuta faifan C ya yi ja alamar ya kusa cika, ya haɗa girman foldodinsa bai kai abin da aka ce ya cinye ba, sai a ce masa faifan ya mutu, a sa masa tsoho da sunan sabo. Galibi ɓoyayyun fayilolin Windows ne: hiberfil.sys mai cin kusan kashi 40 cikin ɗari na girman RAM, da pagefile.sys, da wuraren maido da tsari, da Windows.old bayan sabuntawa, da kwandon shara da ba a zubar ba. Disk Cleanup na rage da yawa, WinDirStat in an buɗe ta da ikon admin na nuna inda wurin ya tafi. In kuma an canza maka faifai, CrystalDiskInfo na nuna awannin da ya yi yana aiki, a buɗe a gabanka kafin ka biya.

Ku sayi irin wannan kaya a kanti mai rajista, ku karɓi fatura, wato rasit, mai lambar QR, ku gwada tun kuna ƙasar. Mai shimfiɗa a bakin titi gobe ba ya nan. Wanda aka cuta yana da hanya: Ma'aikatar Kasuwanci na karɓar ƙara ta lamba 1900 da manhajar Balagh Tijari, kuma dokar yaƙi da algus a Saudiyya ta tanadi ɗauri har shekara uku ko tara har riyal miliyan ɗaya ko duka biyun. A haɗa da fatura da kwalin da hoton sakamakon gwaji. Shugabannin alhazai da masu masauki, don Allah ku faɗa wa iyayenmu mata da dattawa tun ranar sauka, su ne aka fi yi wa wannan.

In kuma aikin gama ya gama, ka daina rubuta komai a filas ɗin nan take, ka kwashe abin da ke buɗuwa zuwa wani wuri. Abin da filas ɗin ya zubar ko ya taka ya tafi ke nan, babu manhajar da za ta dawo da shi, duk wanda ya nemi kuɗi a kan haka cuta ta biyu ce. A waya ko kyamarar da aka kwafo shi za a neme shi, ko a Google Photos da WhatsApp in an taɓa tura shi. Ana iya yanke filas ɗin zuwa girmansa na gaskiya da f3fix na cikin manhajar F3, amma guntayen da ake sa musu galibi marasa inganci ne, bai dace a ɗora musu kwafin fasfo ko igama (katin izinin zama) ko takardun aiki ba.