OpenLP a sujadar Lahadi: ra'ayin wani fasto a Dubai

Tun daga watan Janairun 2022, lokacin da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta mayar da hutun ƙarshen mako zuwa Asabar da Lahadi, ikilisiyoyi da yawa a Dubai suka ɗauke babbar sujadarsu daga Juma'a suka kai ta Lahadi, kuma tamu tana cikinsu. Abin da bai sauya ba shi ne ƙarancin wuri. A harabar majami'u ta Jebel Ali, ikilisiyoyi masu yawa ne ke karɓa-karɓa da zaure ɗaya, kowace da lokacinta, ta yadda kafin mutanenmu su gama gaisawa a bakin ƙofa wata jama'ar ta riga ta tsaya tana jiran shiga. Duk kayan aikin da fasto zai yi amfani da shi a irin wannan wuri, da wannan ma'auni ake gwada shi, kuma da shi na gwada OpenLP, manhajar da muke haska waƙoƙi da ayoyi da ita ta majigi.

Manhajar kyauta ce, 'yan sa-kai ne ke kula da ita, tana kuma aiki a kan Windows da macOS da Linux. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ikilisiyar da yawancin membobinta ma'aikatan otal ne da direbobi da ma'aikatan jinya, waɗanda ke aika rabin albashinsu gida, domin takwarorinta irin su ProPresenter da EasyWorship sai an biya kuɗi, kuma dattawanmu sun fi son baiko ya tafi ga hayar zaure da taimakon wanda ya rasa aiki.

Amma ba don arha na riƙe ta ba. Jama'armu ta ƙunshi 'yan Filifin da 'yan Indiya, musamman daga jihar Kerala, da 'yan Kenya da Yuganda da Ghana da Najeriya, kuma ko da yake da Turanci muke sujada, Turancin nan harshe na biyu ne ko na uku ga kusan kowa. OpenLP tana ba da damar haska fassarori biyu na Littafi Mai Tsarki a allo ɗaya, aya da aya, don haka idan ina karanta Zabura ta 23 da Turanci, ana iya sanya Tagalog ko Malayalam ko Suwahili tare da ita. Mukan juya harshen daga mako zuwa mako domin kada wata al'umma ta ɗauka ita kaɗai ce baƙuwa. Na lura cewa mutumin da ya ga ayar da harshen da uwarsa ta koya masa addu'a yakan ɗaga kai ya bi wa'azin har ƙarshe, maimakon ya sunkuya yana laluben wurin a wayarsa. Mu masu jin Hausa kaɗan ne a nan, amma ranar da aka haska mana tamu, har wani ɗan'uwa daga Kafanchan ya tsaya bayan sujada yana tambayar yadda aka yi. Sai dai a kula da zaɓen nau'in rubutu, domin ba kowanne ne ke da ɓ da ɗ da ƙ ba, haka kuma haruffan Malayalam. Nau'in Noto ya wadatar da mu.

Abu na biyu shi ne tsarin sujada. Ana jera komai tun ranar Alhamis, daga waƙar buɗewa zuwa karatu da sanarwa da albarka, a adana shi cikin fayil guda wanda za a iya ɗauka a filasha a buɗe a wata kwamfuta. Kowace waƙa tana da jerin baitocinta da amshinta yadda mawaƙa suka shirya rera ta. A zauren da ake ba mu 'yan mintoci kaɗan mu haɗa waya da majigi, wannan ya rage mana gaggawar da takan sa a fara sujada zuciya ba a kwance ba. Akwai kuma hanyar sarrafa allon daga wayar hannu muddin tana kan hanyar sadarwa ɗaya da kwamfutar, kamar Wi-Fi ɗaya, da wani shafi na musamman da ke nuna wa mawaƙa baitin da ke tafe, da ɗan saƙon da ke wucewa a ƙasan allo, wanda muke kiran iyaye da shi idan yaro ya ƙi yin shiru a makarantar Lahadi.

Tana da iyakokinta. Fuskarta ba ta da ƙawa, kuma wanda ya saba da manhajojin kuɗi zai ga kamar an koma baya. Bidiyo a sigar da muke amfani da ita yana dogara ne da manhajar kunna bidiyo ta VLC, shafukan gabatarwa kuma da manhajar PowerPoint ko LibreOffice, don haka dole a girka su a gwada tun kafin Lahadi. Fassarorin da ake janyowa kai tsaye daga intanet suna bukatar layi mai kyau, shi ya sa na fi son a shigar da cikakkiyar fassara cikin kwamfutar idan masu haƙƙinta sun yarda. Batun haƙƙin mallaka ma yana nan daram: kasancewar manhajar kyauta ce bai ba ikilisiya izinin haska kowace waƙa ba, sai ta nemi lasisi irin na CCLI, kamfanin da ke ba majami'u lasisin amfani da waƙoƙi.

Akwai wani abin da ya fi damuna a matsayina na makiyayi, wanda ba laifin manhajar ba ne. Da zarar an jera sujada a fayil, sai a fara jin nauyin kauce mata. 'Yan'uwanmu na Afirka sukan so a maimaita amshi har sai zuciya ta gamsu, wasu daga Asiya kuma sun fi son a bi tsari yadda aka rubuta, mai danna maɓalli kuwa yana tsakiya. Na umarci matasan da ke wannan hidima su riƙa kallon mai jagorar waƙa fiye da kallon kwamfuta, su kuma koyi rufe allon gaba ɗaya lokacin addu'a da Jibin Ubangiji, domin maɓalli ɗaya ne ke yin hakan. Tun da ma'aikata a wannan ƙasa suna zuwa suna tafiya bisa kwangila, nakan tabbatar akwai fiye da mutum ɗaya da ya iya aikin a kowane lokaci.

Ga ikilisiya mai harsuna da yawa da ƙaramin asusu, ina ba da shawarar OpenLP ba tare da jinkiri ba. Wadda ke da babban dandamali da alluna da yawa da ma'aikatan fasaha na dindindin za ta iya samun abin da ya fi dacewa da ita a cikin na kuɗi.